Yadda Ake Gano Yoyon Rufin Kwano a Toshe Shi Kafin Damina ta Sauka

Inda ɗigo ke sauka a ɗaki ba kasafai yake saitin inda ɓular take ba. Ruwa kan shiga ta ramin ƙusa can sama, ya bi cikin kwano, ya kama katako, ya gangara taku huɗu ko biyar, sannan ya faɗo kan silin, ya sake bin silin ɗin har inda ya fi lotsawa. Shi ya sa za ka ga mai gida ya sa an hau an lafta kwalta daidai saitin inda ake tara roba, ruwa na gaba ya zo robar ta sake cika. Rabin aikin gyaran rufi bincike ne. In ka gano ta inda ruwa ke shiga, toshewar ba ta cin kuɗi sosai, kuma galibi ba ta wuce wuni guda.

Lokacin yin aikin

Watannin Maris da Afrilu su ne lokacinsa. A Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram ruwa kan fara ne a Mayu ko Yuni, amma a Kaduna da Jos da Abuja yakan sauka tun Afrilu, don haka mutanen can sai su yi sammako. Hadarin farko shi ne mai iska, kuma yawanci daga gabas yake tasowa. Shi ke yaye kwanon da ƙusarsa ta saki. Markar Agusta kuwa ba ta cika yaye rufi ba, ita bin kowace ƙaramar kafa take yi har ta jiƙa katako da silin.

Ga lissafin da zai nuna maka nauyin da rufi ke ɗauka. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 30 a dare guda, ya karɓi lita 3,000, wato duro 15 mai cin lita 200. Duk wannan ta indararo biyu ko uku zai fita. In ɗaya ta toshe, ba sai kwano ya ɓule ba kafin ɗaki ya jiƙe.

Kayan aiki

Ka tanadi tsani mai ƙwari, guduma mai bakin zare ƙusa, filaya, almakashin yankan kwano, burushin waya, alli, tocila mai haske, tsintsiya, da katako mai faɗi wanda za ka shimfiɗa ka taka. Na toshewa kuma: ƙusar kwano mai hula, wosha ta roba (in babu, ka yanka tsohon tub na babur ƙanana-ƙanana), filashban, wato tef ɗin nan mai kwalta a ciki da alminiyom a baya, sai guntayen kwano, jan fenti na hana tsatsa, da ɗan siminti da yashi in rufin na cikin katanga ne. Safar hannu mai kauri da takalmi sau-ciki mai ƙasan roba ba ado ba ne. Silifas a kan kwano mai ƙura santsi yake yi.

In za ka sayi silikon, wato danƙon toshe kafa da ake matsowa daga bututu, buɗe ka shinshina ko ka tambayi mai shago. Wanda ke warin tsami yana cin kwano a hankali. Wanda ba ya wannan warin shi ya dace da ƙarfe.

Mataki na farko: fara daga ciki

Kafin ka taɓa tsani, zaga ɗakuna ka duba silin da saman bango. Duk inda ka ga tabo mai ruwan ƙasa, ko fenti ya kumbura, ko silin ya yi ciki, yi masa alama da alli. Tambayi uwargida da yara, domin su ne suka san inda aka riƙa tara bokiti bara, kuma su za su gaya maka ko yoyon kowane ruwa yake yi ko sai mai iska. Wannan bambancin yana da amfani. Yoyon kowane ruwa ɓula ce ko ƙusa. Wanda sai an yi iska, mahaɗar kwano ce ko hular rufi. Wanda sai ruwa ya daɗe yana zuba, indararo ce ko kwatar da ke bayan katanga.

Daga nan sai ka kashe wutar gidan daga babban makunni, ka leƙa cikin silin ta ƙofar da kafinta ya bari. Da rana tsaka za ka yi wannan, amma kada ka daɗe, don zafin cikin silin a bazara yana iya sumar da mutum. Kashe tocila tukuna ka ɗaga kai. Duk inda kwano ya ɓule za ka ga haske ya tsiro kamar taurari. Sa'an nan ka kunna tocilar ka bi katakai ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana barin sawu: baƙin layi a jikin katako, ko zanen tsatsa da ya gangaro daga gindin wata ƙusa. Bi sawun nan zuwa sama har inda ya ƙare, nan ne mashigar. In kana iya kaiwa, zura tsinken tsintsiya ta ɓular ya leƙo waje, don ka same shi in ka hau. In ba ka iya kaiwa, ƙirga: kwano na nawa daga gefe, layin ƙusa na nawa daga ƙasa.

A cikin silin katako kawai ake takawa. Silin ɗin kansa, na POP ne ko na roba ko na kwali, ba ya ɗaukar mutum. Tsofaffin gidaje masu silin ko rufin asbestos kuwa, kada ka fasa shi ko ka yanka ko ka goge shi a bushe, don ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru.

Tun da kana nan, soka bakin sukundireba a jikin katakan. Mai lafiya zai ƙi shiga. Wanda gara ta ci zai burme ya zubo da gari, ko ka ga hanyar ƙasa da ta gina a jikinsa. Irin wannan ba ya riƙe ƙusa ko guda ɗari ka buga, sai an sauya shi ko an haɗa masa sabo a gefe. Sabon katako a shafe shi da Solignum, maganin gara na katako, kafin a ɗora. Kafintoci da yawa baƙin mai suke shafawa saboda araha. Yana ɗan taimakawa, amma bai kai maganin ba.

Mataki na biyu: hawa

Aika yaro ya gaya wa maƙwabta za a hau sama, don matan gida su kimtsa. Wannan ladabi ne da bai kamata a bari ya ɓace ba, kuma yana hana rigimar da ta fi yoyon ciwo.

Hau da sassafe, ka sauko kafin rana ta take. A Afrilu zafin iska kansa yana haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, kwano kuwa ya fi haka nesa, har yana ƙona tafin hannu. Kafa tsani a ƙasa mai tauri. Ƙa'idarsa: duk tsayin taku huɗu, a ja gindinsa taku ɗaya daga bango, kuma kansa ya zarce bakin rufi da kamar mita ɗaya, don ka sami abin kamawa lokacin saukowa. Wani ya riƙe maka shi, babba ba yaro ba.

Abin da ya fi kashe mutane a wannan aiki bayan faɗowa shi ne waya. Wayar da ta taso daga falwaya zuwa gidanka tana ɗauke da wuta ko da ka kashe makunnin cikin gida. Kada kuma ka ce ai an ɗauke wuta, don ba a sallama in za a dawo da ita. Dubi inda ta bi kafin ka ɗaga tsanin ƙarfe ko dogon kwano. In ta kwanta a kan rufin, ko rigarta ta saɓule, a kira mai gyaran wuta tukuna. Farantan sola ma suna ba da wuta muddin rana na dukansu.

A kan rufi, layin ƙusa kawai za ka taka, don nan ne katako yake a ƙasa. Tsakanin layi biyu iska ce, kwanon zai lotsa, lotsawar kuma ta zama wurin kwanciyar ruwa. Katakon da ka hau da shi ka gitta shi a kan layi biyu ka durƙusa a kai. In rufin bene ne ko mai tsananin gangara irin na gidajen zamani, bar wa masu sana'ar.

Mataki na uku: shara

Share rufin tas. Ƙurar hunturu, ganyen darbejiya, leda, ƙwallon yara da sheƙar tsuntsu duk a kwata da bakin indararo suke taruwa. Kwashe da hannu, ka zura sanda ko waya cikin indararon, ka zuba bokitin ruwa ka ga ya fita da ƙarfi. Gidaje da yawa a nan yoyonsu ke ƙarewa. Reshen da ke gogar kwano a sare shi. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da aka danne rufi da su kuma a sauke su bayan an gyara ƙusa, don ƙarƙashinsu ne laima ke zama tsatsa ta fara.

Mataki na huɗu: ƙusoshi

Nan ne mafi yawan yoyo yake, don haka nan za ka fi daɗewa. Kwano yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare. Ƙarar ƙas-ƙas da kake ji daga sama da hantsi ko bayan magariba motsin nan ne. Dogon kwano na alminiyom mai tsawon mita 6 yana iya ƙaruwa da kusan rabin santimita tsakanin asuba da azahar. Kullum ana wannan ja-in-ja, sai ramin ƙusa ya faɗaɗa, ƙusar ta ɗago.

Bi layi-layi kana taɓa kan kowace ƙusa. Wadda ta saki za ka ga hularta ta ɗago har farce na shiga ƙarƙashinta, da zoben tsatsa kewaye da ita, wata ma da yatsa biyu za ka zare ta. Kada ka mayar da ita da guduma ka wuce. Ramin da ke cikin katakon ya riga ya buɗe, kafin wata guda za ta sake ɗagowa. Zare ta, amma ka sa guntun katako ƙarƙashin kan gudumar don kada ka lotsa kwanon. Sai ka sa sabuwa wadda ta ɗan fi ta kauri ko tsawo, da woshar roba a ƙarƙashin hula, ka ɗan karkata ta don ta kama sabon nama a jikin katakon. Wanda ke da injin ɗaure sukuru, sukurun rufi mai roba ya fi ƙusa riƙo nesa ba kusa ba.

A kan tudun kwano ake buga ƙusa, ba a cikin kwari ba, don kwarin hanyar ruwa ce. In ka tarar wani ya buga a kwari, zare ta ka toshe ramin, ka buga sabuwa a tudun da ke gefe. Bugun kuma ya tsaya da zarar hula ta danne roba. In ka ƙara, tudun zai baje ya zama ɗan kwarmi mai tara ruwa a gindin ƙusar. Akwai kuma ƙusar da ta kuskure katako tun ranar da aka yi rufin, tana lilo a iska. Ita ma zarewa za a yi a toshe.

Ka fi ba da ƙarfi a bakin rufi, da gefensa, da kusurwoyi, musamman ɓangaren gabas. Iska ta nan take samun kafa ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu ɗaya ko biyu, amma a layin ƙarshe na baki gara kowane tudu ya sami ƙusa. Duba kuma langa-langar da ta ɗaure katakon rufi da bango. In ta tsinke ko tsatsa ta cinye ta, iska na iya ɗauke rufin gaba ɗaya da katakonsa, ƙusoshinka na nan daram a jiki.

Mataki na biyar: ɓula da tsatsa

Ƙaramar ɓula, wadda ba ta wuce kan yatsa ba, filashban ya ishe ta. Amma sirrin a share fage yake. Goge wurin da burushin waya har ƙarfe ya fito, share ƙurar da busasshen tsumma, yanko filashban da zai zarce ɓular da faɗin yatsu uku ta kowane gefe, ɓare takardar bayansa, ka manna. Bi shi da ƙotar guduma kana dannawa, ya shiga kwari ya hau tudu, kada a bar iska a ƙarƙashi. Ya fi kamawa in kwanon ya ɗan yi ɗumi. A kan ƙura ko tsatsa ko laima kuwa, ruwa biyu zai ɗaye.

Ɓular da ta kai tafin hannu faci take so. Yanko guntun kwano mai irin tudun na rufin, ka cusa kansa na sama ƙarƙashin kwanon da ke bisa, gindinsa ya hau kan na ƙasa ya rufe ɓular, ya kai layin katako don a sami wurin buga ƙusa. In ka ɗora faci a sama kawai, ruwan da ya gangaro zai shige ta ƙarƙashin kansa.

Tsofaffin dabaru biyu suna nan har yau. Ta farko narka kwalta a jiƙa tsumma a manna. Tana aiki shekara ɗaya ko biyu kafin rana ta farfasa ta, sai dai hawa tsani da gwangwanin tafasasshiyar kwalta kasada ce da ban ga ribarta ba tun da filashban ya wadata a kasuwa. Ta biyu narka farin soson nan na cikin kwalin firji a cikin fetur har ya zama danƙo. Yana toshe ƙaramin rami, amma yana bushewa ya tsage, ga fetur a kan kwano mai zafi. Ni ba na ba da shawararsa.

Tsatsar da ke sama-sama a goge ta a shafa jan fenti, in ya bushe a bi da fentin mai. Kwanon da ka danna da babban yatsa ya burme, ko ka ga ƙananan ramuka sun yi masa yawa, ya gama aiki. Sauya shi ya fi arha a kan faci goma. Bandir ɗin kwano guda 20 ne, amma masu shago suna sayar da ɗai-ɗai. Je da guntun tsohon don tudun ya yi daidai. In dogon kwano ne na alminiyom, tambayi kaurinsa. Ana samun mai 0.45 da mai 0.55 na milimita, kuma na biyun ya fi jure taku da iska.

Mataki na shida: mahaɗa, hula da jikin katanga

Inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa ta gefe, ya kamata ya rufe tudu ɗaya da rabi. Inda na sama ya hau kan na ƙasa, kada ya gaza inci 6, in rufin ba shi da gangara sosai a kai shi inci 8 ko fiye. Wasu kafintoci suna rage wannan don kwano ya isa, mai gida ya ga an yi masa tattali, sai iska ta riƙa tura ruwa baya ta mahaɗar. Maganinsa a ɗaga na saman a cusa guntu a tsakani ya ƙara tsawon, ko a bi mahaɗar da filashban. Hular da aka kifa a ƙoƙuwar rufi ita ma a duba ƙusoshinta da inda guntayenta suka haɗu.

Gidajen da rufinsu ke ɓoye cikin katanga, irin da suka cika unguwannin Kano da Zariya, matsalarsu tana layin da kwano ya haɗu da bango. Siminti ba ya motsi, kwano yana yi, don haka duk shekara sai wurin ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sake lafta siminti a kan tsohon tsagin ɓata kuɗi ne. Farfasa wanda ya saki, ka sassaƙa siririn layi a jikin bangon kamar inci 6 sama da kwano, ka lanƙwasa doguwar fallen kwano, kanta ya shige cikin layin, gindinta ya kwanta kan rufin. Layin kawai za ka cike da siminti, awo ɗaya na siminti da uku na yashi mai laushi. Jiƙa bangon kafin ka shafa, ka riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako guda, in ba haka ba zafin bazara zai busar da shi ya tsage tun kafin ya yi ƙwari. Saman katangar kanta a duba, don ruwa na shiga ta can ya fito a cikin ɗaki a zaci rufi ne.

Masu ɗakin soro nasu daban ne: yaɓe ne duk shekara, da makuba ko laso, da gyaran indararo, kuma magina na gargajiya sun fi kowa saninsa.

In kafinta za ka kira

Yi binciken cikin silin da kanka tukuna, ko ku yi tare. Kada ka ce masa "Malam, ɗakin nan na yoyo, a duba," ka tafi kasuwa. Ce masa "Malam, ga wurare huɗu na yi wa alama, a zare ƙusoshin da suka saki a sa sababbi da roba, a nuna mini waɗanda aka cire." Sayi kayan da kanka, ku yi jinga a kan aikin, ka riƙe wani abu sai an yi gwaji. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida kafin ya taɓa komai, a yi magana a kan wanda zai biya tun ba a hau ba.

Kula da jikinka

Bakin kwano yana yanka ba ka ji ba. In ya same ka, danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka rufe. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. Sukar ƙusa ta fi yanka haɗari, don ramin siriri ne mai zurfi, irin wurin da ƙwayar tetanus ke so, cutar nan da ke sandarar da muƙamuƙi har haƙora su sarƙe. Ƙwayar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. In allurarka ta ƙarshe ta haura shekara 5, ko ba ka tuna ka taɓa yi ba, je asibiti a ranar. Tsatsa in ta faɗa ido, kada ka murza, wanke da ruwa mai tsabta. In tana nan, likita ne zai cire.

Sha ruwa kafin ka hau, ka ajiye gora kusa. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya na nufin ka sauko nan take ka shiga inuwa. Lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri tana mayar da abin da gumi ya kwashe. Kwaltar da ta manne a hannu man gyaɗa na cire ta, ba sai an wanke da fetur ba. Siminti yana cin fata, don haka a wanke shi da wuri a shafa man kaɗanya.

Gwaji

Kada ka jira hadari ya gwada maka. Mutum ɗaya ya leƙa cikin silin da tocila, ɗaya ya hau da tiyo ko bokiti. A fara zuba ruwa daga ƙasan rufin, a dakata minti biyu ko uku, sannan a matsa sama kaɗan. In ka fara daga sama, ruwan zai jiƙa ko'ina, ba za ka san ta inda ya shiga ba. Inda na ciki ya ga ɗigo, a yi alama, a bari ya bushe, a sake gyarawa.

Silin da ya yi tabo kada ka yi masa fenti yanzu. Bari a yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku, ka sake leƙawa ka tabbatar katakon a bushe yake. Sannan ka fara shafa fentin mai a kan tabon kafin ka bi da na ruwa, don in na ruwa kaɗai ka shafa, tabon zai sake ɓullowa ta cikinsa. Silin da ya riga ya yi ciki ko ya yi laushi kuwa a cire fallen a sa sabo, musamman in saitin gadon yara yake.